Na'ura ta nuna 98, amma jini ya yi kaɗan

Ƙaramar na'urar da ake maƙala wa marar lafiya a yatsa tana nuna kashi nawa na hemogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, ya ɗauki iskar oksijen. Ba ta faɗin yawan sinadarin kansa.

Ga yadda likitoci ke lissafi. Giram ɗaya na hemogulobin yana ɗaukar mililita 1,34 na oksijen. Baligi mai giram 150 a kowace litar jini, in na'ura ta nuna 98, litar tana ɗauke da kusan mililita 200. Zuciya na tura lita 5 a minti, ke nan kusan mililita 1.000 ke isa ga gaɓoɓi. Jikin da ke hutawa yana cin kamar 250.

In masassarar cizon sauro, amosanin jini ko zubar jini wajen haihuwa suka sauko da hemogulobin zuwa giram 50, abin da lita 5 ɗin ke kaiwa bai wuce 330 ba, alhali na'ura tana kan 98. Dole zuciya ta ƙara gudu.

In kun ga tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, ga haki, ku nemi awon jini a asibiti ba jinkiri.