Ƙwayoyin Halittar Cikin Ƙasa Masu Karya Gubar Masana'antu

Masana'antu da shagunan wankin tufafi na zamani sukan yi amfani da sinadaran narkar da maiƙo, irin su TCE da PCE. Idan aka zubar da su a ƙasa sukan nutse, domin sun fi ruwa nauyi, su gurɓata ruwan rijiya da na burtsatse tsawon shekaru. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa TCE na haddasa dajin ƙoda.

A 1997 masana a Jami'ar Konel ta Amurka suka bayyana wata bakteriya mai suna Dehalococcoides. Tana rayuwa inda babu iskar oksijin, tana cire ƙwayoyin kulorin ɗaya bayan ɗaya har gubar ta koma iskar etilin marar cutarwa. Injiniyoyi kan ɗura man waken soya cikin gurɓatacciyar ƙasa, wasu ƙwayoyin su ruɓar da shi, su samar mata da haidurojin da take buƙata.

Sai dai ba kowace ƙasa ke ɗauke da ita ba, kuma aikin kan ɗauki shekaru. In ya tsaya a tsakiya, akan bar sinadarin binil kulorayid, mai haddasa dajin hanta.

Saboda haka ana kira ga jama'a da su guji zubar da ragowar waɗannan sinadarai a ƙasa ko magudanar ruwa. Dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su sanar da Ma'aikatar Muhalli duk inda suka ga ana yin haka.