Gaba Fari, Baya Gobara: Rage Ƙarfin Ruwan Famfo a Ostireliya da Abin da Yake Jawowa

Duk shekara idan zafi ya kusa kamawa a kudancin Ostireliya, wato daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, hukumomin ruwa da na kashe gobara sukan yi wa mazauna gefen daji gargaɗi iri ɗaya: ranar da wuta ta taso, kada kowa ya dogara da ruwan famfo. Gargaɗin yana da ban mamaki a ƙasar da ba a san ɗaukewar ruwa ba a yawancin biranenta. Ya kuma ƙara ɗaure wa mutane kai ganin cewa hukumomin ruwan da ke faɗin haka su ne suka shafe shekaru suna rage ƙarfin ruwan da ke shiga gidaje da gangan. Shi ya sa da zarar gari ya ƙone ake jin zargi: da ba a taɓa ƙarfin ruwan ba, da gidaje sun tsira. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma sai an tantance abin da ragin ya jawo da abin da zai faru ko da ba a rage komai ba.

Dalilin rage ƙarfin

Tushen maganar fari ne. Daga wajen 1997 zuwa 2009, kudu maso gabashin ƙasar ya sha farin da ba a ga irinsa ba tun da aka fara ajiye lissafin ruwan sama. A 2007 ruwan da ya rage a manyan madatsun da ke shayar da Brisbane bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, har aka roƙi kowane mutum kada ya wuce lita 140 a rana. A tsakiyar 2009 madatsun Melbourne sun sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Perth kuwa, can yamma, matsalarta ta girmi wannan farin: tun tsakiyar shekarun 1970 ruwan da ke gangarowa cikin madatsunta ya ragu da fiye da rabi, har ta kai a 2006 aka buɗe masana'antar tace ruwan teku a Kwinana. Ruwan da aka cire wa gishiri da wutar lantarki mai tsada ba wanda zai yarda ya tsiyaye a ƙarƙashin titi.

Nan ne ƙarfin ruwa ya shigo. Injiniyoyi suna auna shi da mita, ma'ana tsayin da ruwan zai iya hawa da kansa a cikin bututu. Unguwar da ke ƙasan tanki da mita 80 tana samun ƙarfin mita 80 idan ba wanda ke jan ruwa, kuma wannan ya wuce buƙatar kowane gida. Ƙa'idar aikin famfo ta ƙasar ta ma kayyade cewa ƙarfin da ke cikin gini kada ya haura kimanin mita 50, domin fiye da haka yana cinye kan famfo da tukunyar ɗumama ruwa. Yawan ƙarfi yana kuma ƙara yoyo. A bututun ƙarfe ramin yana nan yadda yake, sai dai ruwa ya fi fita da sauri. A na roba kuwa, tsagar kanta buɗewa take yi idan ƙarfi ya ƙaru. A dunƙule, masu aikin sukan ƙiyasta cewa rage kashi 10 na ƙarfi yana rage kusan kashi 10 na yoyo, ya kuma rage fashewar bututu. Saboda haka hukumomi a Sydney da kudu maso gabashin Queensland da Perth suka riƙa yanka birni gunduwa-gunduwa, suna sa bawul mai rage ƙarfi a bakin kowace unguwa. Idan aka kwatanta da gina sabuwar madatsa, wannan hanya kusan kyauta ce.

Abin da ragin ke yi wa mesa

Ruwan da ke fita daga bakin mesa ba ya raguwa daidai da raguwar ƙarfi. Idan aka sauke ƙarfi daga mita 60 zuwa 40, abin da ke fita zai ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ko da an raba ƙarfin biyu, raguwar ba ta wuce kashi 30 ba. A ranar da ba komai, mai gida ba zai lura ba, in ban da ruwan mesarsa da ya daina kaiwa saman rufi.

Wannan ɗan bambancin yana da nauyi a gobarar daji, domin yawancin gidajen da ke ƙonewa ba harshen wuta ne ke fara lasarsu ba. Binciken da hukumar kimiyya ta ƙasar, CSIRO, ta daɗe tana yi bayan manyan gobara ya nuna cewa tartsatsi ne babban mai kunna gidaje. Dajin ƙasar na bishiyar turare ne, ganyenta cike da mai, ɓawonta kuma yana saluɓewa dogo-dogo. Iska takan ɗauki ɓawon yana ci da wuta ta jefa shi nesa, gaban gobarar. Sai ya sauka cikin indararon rufi da busasshen ganye ya cika, ko a kan tabarmar ƙofa, ko ƙarƙashin dandamalin katako. Irin wannan wutar, guga ɗaya yana kashe ta a mintunan farko. Mutumin da mesarsa ke kai ruwa indararo yana iya ceton gidansa. Wanda tasa ke tsayawa a tsakiyar bango sai ya nemi tsani cikin hayaƙi da iska mai ƙuna. Masu zargi sun yi gaskiya a nan.

Ranar wuta kuwa

Sai dai ƙarfin da aka auna ranar da ba komai ba shi ne ake samu ranar gobara ba. Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su durƙusar da bututu, kuma kowanne ya fi bawul ɗin hukuma ɓarna.

Na farko, kowa yana jan ruwa a lokaci guda. An auna faɗin bututun unguwa ne da buƙatar yau da kullum, a ƙara da gobarar gida ɗaya ko biyu. Idan ruwan da ke bi ta bututu ya ninka biyu, ƙarfin da gogayya ke cinyewa yana ninka kusan huɗu. To a ce gidaje ɗari uku sun buɗe mesa, suna cika baho da bokiti, wasu sun kunna feshin rufi sun gudu sun bar shi yana zuba, ga motocin kwana-kwana suna sha daga famfon bakin titi, wanda aka tsara ya ba da lita 10 a daƙiƙa ɗaya, daidai da mesar lambu talatin ko fiye.

Na biyu, ɗaukewar wutar lantarki. Unguwannin kan tudu da ƙananan garuruwa suna shan ruwa ne daga tankin da inji ke cikawa, gobara kuwa turakun wuta take fara kayarwa. A Janairun 2016, lokacin da wuta ta ci garin Yarloop da ke kudu da Perth, ta kashe mutum biyu ta lalata gine-gine 181, babban kukan mazauna shi ne famfuna sun ƙafe a daidai lokacin da suke neman ruwa.

Na uku, duk gidan da ya ƙone ya zama ɓula. Bututunsa ya narke ko ya karye, ruwa yana kwarara cikin toka, ba kuma mai iya shiga ya rufe. Gida goma suka ƙone a layi, maƙwabtan da suka rage sun rasa ƙarfi, su ma sai su bi sahu.

Na huɗu, tudu. Kowace mita da gida ya hau tana cire masa mita ɗaya ta ƙarfi, kuma gidajen da suka fi kusa da daji galibi su ne na kan tsauni, a ƙarshen layi.

Abin da ya faru a Amurka ya nuna haka ƙarara. A gobarar Pacific Palisades da ke Los Angeles, ranar 7 ga Janairun 2025, hukumar ruwan birnin ta ce buƙata ta ninka huɗu har tsawon sa'o'i 15. Tankuna uku da ke riƙe ƙarfin unguwannin kan tudu, kowanne mai cin kusan lita miliyan 3.8, suka ƙare ɗaya bayan ɗaya kafin asubahin washegari. Ba wani shirin rage ƙarfi da ya jawo wannan. Ruwan yana fita ne fiye da yadda inji zai iya mayar da shi. Akwai ma wata illar da ke biyo baya: idan ƙarfi ya faɗi ƙasa warwas, bututu yakan zuƙo hayaƙi da dagwalon robar da ta narke. Bayan gobarar Santa Rosa a 2017 da ta Paradise a 2018, duka a jihar Kalifoniya, an sami sinadarin benzin mai jawo sankara a ruwan famfo.

Auna nauyin kowanne

Idan aka ɗora su a sikeli, rage ƙarfi da gangan ba shi ne ke ƙafar da famfo ranar babbar gobara ba. Bututun da aka bar wa mita 80 ma zai durƙushe, ya ɗan jima dai kafin ya faɗi. Yana ma iya yiwuwa ragin ya taimaka ta wata fuska, tunda tsohon bututun da bai sha matsi ba ya fi wuyar fashewa, tankin da ba ya yoyo kuma ya fi daɗewa da ruwa.

Abin da ragin ke ci shi ne rara. A ɗauki misalin unguwa mai gangare da aka sa wa bawul a ƙasa, aka tsayar da shi a mita 50. Gidan da ke sama da bawul ɗin da mita 30 yana da mita 20 kacal, kuma wannan bai saɓa doka ba, domin mafi ƙarancin abin da aka wajabta wa hukumar ruwan Sydney, alal misali, mita 15 ne. Da gogayya ta cinye mita 20, mai gidan ƙasa yana da sauran 30, na sama ba shi da ko ɗigo. Da ƙarfin yana mita 80 kamar da, na saman zai ci gaba da samun ruwa na wani lokaci, kuma a yaƙi da tartsatsi rabin sa'a ba abin rainawa ba ne. Motar kashe gobarar daji mai ɗaukar lita 3,000 zuwa 4,000 tana cika cikin minti biyar zuwa bakwai a famfo mai lafiya. Ruwan ya ragu da rabi, lokacin ya ninka, layin motoci ya yi tsawo. Gine-ginen da aka tsara na'urorin kashe wutarsu bisa tsohon ƙarfi su ma sai an sake auna su, wani lokaci a ƙara musu inji da tanki da kuɗin mai ginin.

Ke nan ribar ta kowa ce, kasadar kuwa ta 'yan ƙalilan. Ruwan da aka tattala yana amfanar birni gaba ɗaya, amma rarar da aka yanke daga mazauna bakin daji aka yanke ta.

Nauyin ya koma kan mai gida

Ranar 7 ga Fabrairun 2009, da zafi ya kai digiri 46.4 a Melbourne, gobara ta kashe mutum 173 a jihar Victoria ta ƙone gidaje fiye da 2,000. Fiye da rabin mamatan a cikin gidaje suka rasu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Bernard Teague ya miƙa rahotonsa a 2010, kuma tun bayan gobarar aka sake lale game da tsohuwar shawarar nan ta "ka tsaya ka kare gidanka ko ka fita da wuri". Aka ƙirƙiro matakin gargaɗi mafi tsanani, wanda idan an ayyana shi shawara ɗaya ce: a bar wurin. Wanda ya zaɓi tsayawa a sauran ranaku kuwa, hukumar kashe gobarar karkara ta Victoria tana ce masa ya tanadi aƙalla lita 10,000 nasa na kansa, wato jarka 400 masu cin lita 25, da injin fetur ko dizal da ba ya jiran wutar lantarki, da mesar da za ta zagaye gidan. A New South Wales akan liƙa alama a ƙofar gidan da ke da tanki ko kududdufi ko wurin ninƙaya, don 'yan kwana-kwana su san inda za su ɗebi ruwa. Dokokin gini a yankunan haɗari suna tilasta tanadin tanki ga sababbin gidaje da yawa, da bakin da ya dace da mesar motar kashe gobara.

Tsarin yana da ma'ana, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Amma yana da giɓi. Dokar ta fi kama sabon gini, alhali tsofaffin gidaje sun fi yawa kuma sun fi saurin kamawa. Ɗan haya ba zai kafa tanki a filin wani ba. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai ba lalle ta iya tayar da inji cikin hayaƙi ba, injin kansa kuma yana mutuwa idan zafi ya yi masa yawa.

Abin da ya kamata

Komawa tsohon ƙarfi a ko'ina asara ce: a riƙa zubar da ruwa kwana 365 don ranar da ƙarfin ma ba zai isa ba. Gyaran da ya fi dacewa ya fi wannan ƙanƙanta. Akwai bawul mai sauya ƙarfi gwargwadon buƙata, wanda ke matsewa da dare ya buɗe idan ja ya ƙaru, akwai kuma wanda ake sarrafawa daga nesa. Irinsu ya kamata a sa a duk unguwar da ke jingine da daji, a kuma ɗaga su tun da safe a ranakun da aka ayyana haɗari. Kowace tashar tura ruwa ta sami janareta da fili sharare kewaye da ita. A auna ƙarfi a gida mafi tsayi lokacin da ja ya fi yawa, tunda ma'aunin bakin bawul da tsakar dare ba ya nuna komai game da ranar wuta. A tanadi tankunan unguwa don waɗanda ba su da halin kafa nasu. Kafin a taɓa ƙarfin wata unguwa kuma, a zauna da 'yan kwana-kwanan yankin, a faɗa wa kowane mai gida mita nawa yake samu yanzu da nawa zai koma. Da wannan adadin a hannunsa ne zai yanke wa kansa shawara tun kafin zafi ya kama: ya sayi tanki da inji, ko ya shirya fita da wuri.