Dashen Ƙoda a Sakkwato: Saura Mai Bayarwa

A Fabrairun 2025 tawagar Farfesa Isma'ila Mungadi, likitan fiɗar mafitsara, ta yi dashen ƙoda na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Majinyacin Boɗinga ko Shagari, wanda wankin ƙoda ya cinye masa gona da bisashe, ya samu mafita kusa da gida.

Sai dai gwanintar likita ba ta wadatarwa in babu mai bayarwa. Tun 1988 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda, ta halatta kyautar gaɓa bisa yarda, matuƙar ran mai bayarwa bai dogara da ita ba, ta kuma haramta sayarwa.

Ɗan'uwa, in ƙodarka ta dace da ƙanenka, mece ce amsarka?