Harshe Ɗaya, Fahimta Biyu: Ma'aikaci da Manomi a Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan

Sau da yawa akan ɗauka cewa matsalar sadarwa ba ta tasowa sai inda harsuna suka bambanta, watau inda ake bukatar tafinta. Amma wanda duk ya lura da sha'anin aiki a ƙasar Zazzau ta arewa, musamman Ikara da Makarfi da Kudan, zai ga cewa rashin fahimtar da ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ke aukuwa tsakanin mutum biyu masu magana da Hausa. Malamin gona da manomi, ko malamin asibiti da majiyyaci, ba su bukatar tafinta, saboda haka kowannensu yakan tashi da zaton an fahimce shi. Alhali kuwa ɗaya ya koyi aikinsa da Turanci yana juya shi zuwa Hausa, ɗayan kuma ya gaji nasa sanin daga gona da kasuwa.

A dubi kalmar magani. A wurin Bahaushe magani abu ne mai warkarwa, wanda ake ajiyewa a ɗaka, ana kuma tallafa wa maƙwabci da shi. Da aka kawo ruwan feshi na kashe ƙwari da ciyawa, sai aka ba shi wannan suna, aka ce maganin ƙwari, maganin ciyawa. Ma'aikacin da ya faɗi haka guba ce a ransa, domin a makaranta an nuna masa haɗarinta. Manomin tumatir a fadamun Ikara kuwa abin da ya shiga kunnensa shi ne magani. Ba abin mamaki ba ne in ya dama shi da hannu, ko ya wanke robar ya zuba mai a ciki. Ba taurin kai ne ya sa shi ba; sunan ne ya riga ya kwantar masa da hankali kafin gargaɗin ya iso.

Haka sha'anin awo yake. Takardar gwamnati tana magana da hekta da lita da kilo, manomi kuwa yana sanin girman gonarsa ta yawan mudun irin da take ci, da yawan daman da take bayarwa. Ma'aikatan da suka ƙware sukan bar lita su koma ga gwangwanin madara da murfin kwalba, kuma a nan ne ake samun daidaito. Ko a kuɗi ma tsohon lissafi bai mutu da wuri ba. An shigo da naira ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, amma kalmar jaka, wadda take nufin fam 100, ta zauna a bakin 'yan kasuwa da ma'anar naira 200. Baƙon da ya zo daga Maraɗi sayen rake a kasuwar Makarfi kuwa, jaka a wurinsa tana nufin sefa 1,000. Kalma ɗaya ce, lissafi biyu.

Sai dai abin bai tsaya ga kalmomi ba, har ya kai ga yadda ido yake ganin abu. Shekaru da yawa masu bincike a Samaru, inda aka kafa tashar binciken noma tun 1922, suna gwaji da shuka iri ɗaya a fili ɗaya, kuma haka ake umartar manoma su yi. In jami'i ya ga gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, abin da yake gani shi ne hargitsi da rashin wayewa. A 1966 da 1967 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, na Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi diddigin aikin manoma a ƙauyuka uku, watau Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka ta kan hanyar Zariya zuwa Kano. Ya tarar mafi yawan gonakinsu gauraye ake shuka su, ya kuma nuna cewa wannan ya fi kawo riba a kan kowace eka, ya kuma fi tabbas in damina ta yi gardama. Abin da jami'i ya kira hargitsi, tsari ne a idon mai gona: gero ya nuna da wuri ya kori yunwar tsakiyar damina, dawa ta biyo baya, wake ya rufe. Manoman sun san wannan tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne ba a cika tambayarsu ba.

In ma an tambaye su, akwai wani shinge, shi ne ladabi. Dattijon da baƙo ya zo masa da hular gwamnati, a gaban mai unguwa, da wuya ya ce masa a'a. Zai ce to, ko madalla, ko kuwa sai mun gani. Ma'aikaci matashi ya koma ofis a Hunkuyi ya rubuta cewa jama'a sun amince, alhali to ɗin nan ba ta wuce shaidar cewa an ji ba. In damina ta zo ba a ga canji ba, sai a ce manoma sun saɓa alkawari, alkawarin da ba su taɓa ɗauka ba.

Ɗaliban kwalejin koyon aikin lafiya ta Makarfi suna gamuwa da irin wannan tun ranar da suka fara zama da marasa lafiya. Kalmar sanyi takan nufi mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko kuwa cutar al'aura wadda kunya ta hana a ambata da sunanta. Matar da aka tambayi sunan ɗanta na fari a gaban mutane takan yi shiru, sai wata ta amsa mata. Wanda bai san al'ada ba sai ya zaci ba ta ji tambayar ba ne, ya ɗaga murya ya maimaita, ita kuwa ta ƙara sunkuyar da kai.