Kafasita: Yadda Take Ɗaukar Wuta da Yadda Take Sakinta

Idan aka zare cajar kwamfuta daga soket, 'yar fitilar da ke jikinta ba ta mutuwa nan take, sai ta ɗan jima tana dusashewa. Wannan aikin wata 'yar na'ura ce da ke cikinta, wadda masu gyara ke kira kafasita.

Ƙirarta ba ta da wuya: faranti biyu ne na ƙarfe, a tsakaninsu akwai wani abu siriri da wuta ba ta ratsa shi, kamar takarda ko roba. Asalinta kwalbar Laidin ce, wadda Pieter van Musschenbroek ya gwada a ƙasar Holan a 1746. Ana auna yawan abin da take iya ajiyewa da farad, don tunawa da Michael Faraday.

A ce an jera batir mai bolt 9 da makunni da resista, wato mai rage kwararar wuta, da kafasita a layi ɗaya. Da zarar an kunna, wuta za ta kwararo da ƙarfi, domin kafasitar wayam take. Amma tana cika, ƙarfin da ya taru a cikinta yana ture na batir, kwararar tana raguwa. Kamar mai buga wa tayar keke iska ne da famfon hannu: farko da sauƙi, ƙarshe sai da nishi. Idan ƙarfinta ya kai na batir, kwarara ta tsaya.

Tsawon lokacin kuwa yana da lissafi. Ana ninka girman resista da na kafasita. Om 10,000 sau mikrofarad 100 zai ba da daƙiƙa 1. A cikin wannan daƙiƙa kafasitar za ta kai kusan kashi 63 cikin 100, wato bolt 5.7. A daƙiƙa ta biyu za ta cike kashi 63 na abin da ya rage, ta kai 7.8. Bayan daƙiƙa 5 ta wuce kashi 99.

Saukewa ma haka take. In aka cire batir aka haɗa ƙafafunta ta cikin resistar nan, wutar za ta juyo da baya, da sauri tun farko, sannan a hankali. Bayan daƙiƙa 1 saura bolt 3.3. In hanyar ba ta da cikas sosai, sai ta zubar da komai lokaci guda, kamar yadda fitilar kyamarar hoto ke walƙawa. In kuwa babu hanya sam, sai ta riƙe abinta.

A nan haɗarin yake. Kafasitar na'urar ɗumama abinci tana ɗaukar bolt kusan 2,000, kuma ta inbata da tsohuwar talabijin ma ba abin wasa ba ne. Don haka masu gyara da yaran shago, kashe makunni bai isa ba. A sauke ta da resista, kada a gama ƙafafunta da sukundireba, a kuma auna da mita kafin a kai hannu.