Hoton ƙashi a Illela: abin da ake faɗa da abin da yake gaskiya

Wanda ya sha dakon buhunan albasa a kasuwar Illela, ko ya wuni kan kabu-kabu yana kai-komo a hanyar Ƙonni, yakan kwana da ciwon ƙugu. Ya je asibiti, likita ya duba shi ya rubuta magani, bai ce a yi hoto ba. Kafin ya kai gida majalisa ta yanke hukunci: an raina shi ne don an ga talaka.

Zargin nan ba shi da tushe. Yawancin irin wannan ciwo na tsoka ne, yakan lafa cikin mako shida, kuma hoton ƙashi ba ya nuna ciwon tsoka. Abin da yakan fito shi ne zaizayar ƙashi ta shekaru, wadda za ka samu har a jikin dattijon da ke cikin ƙoshin lafiya. Ka ga mutum ya biya kuɗi ya sayo wa kansa fargaba. Likitocin ma sai da aka tunatar da su. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2001 ya nuna cewa ɗan gajeren saƙon tunatarwa ga likitocin unguwa a Birtaniya ya rage neman hoton baya da na gwiwa da kusan kashi 20 cikin 100.

Masu cewa hoto yana shanye jini ko yana hana haihuwa, su ma ba gaskiya suka faɗa ba. Inda suka taɓo gaskiya shi ne, hasken na'urar ba a yawaita shi babu dalili. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce abin da jiki ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin kwana 10 ba, amma na ƙugu ya kai na watanni. Mace mai juna biyu ta faɗa kafin a ɗauka. Sikanin ciki kuwa da sauti yake aiki, babu ruwansa da wannan haske.

Akwai inda hoto ya zama dole. Wanda ya faɗo daga babur ya kasa taka ƙafa, a yi hoto kafin a nufi mai ɗori. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, ba a jira da shi, ko da zai kai mutum Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Tarin da ya kai mako biyu kuwa, a kai majina gwajin tarin fuka, kyauta ake yin sa.