Idin Bukkoki: barin ɗaki daidai lokacin da rumbu ya cika

Daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba, duk wanda ya ratsa ƙasar Ngaski ya gangara Warra zai ga bukkoki birjik. Ga ta mai gadin shinkafa da ya tare a fadama saboda jan-baki, ga ta Bafulatani a ruga, ga kuma na masunta a tungayen bakin tafkin Kainji, inda ake shanya taru da birgi a kan zana. Babu mai shiga irin wannan ɗaki don marmari, lalura ce ke kai mutum. To amma a daidai waɗannan makonni ne Littafi Mai Tsarki ya ajiye wani idi da ya wajabta wa kowane Ba'isra'ile, mai shi da marar shi, ya bar gininsa ya koma bukka har kwana bakwai. Kiristocin da ke karanta Littafin da Hausa sun san shi da Idin Bukkoki, ko da yake kaɗan ne suka taɓa jin an yi wa'azi a kansa.

Dokar tana cikin Littafin Firistoci sura 23. Watan bakwai na kalandar Isra'ilawa yana buɗewa da busa ƙaho, ranar 10 ga wata a yi azumin Ranar Kafara, ranar 15 kuma, da wata ya cika, a shiga idin. Ana sare rassan dabino da na itatuwa masu ganye a yi rumfa, a ci a ciki, a kwana a ciki, a rana ta takwas a yi babban taro a watse. Dalilin da aka bayar shi ne don jikoki su san kakanninsu sun zauna a bukkoki sa'ad da aka fito da su daga Masar ta hannun Annabi Musa. Malaman Yahudawa na baya sun ƙara sharaɗi cewa rufin ya zama na abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke shi, inuwarsa ta fi ranarsa yawa, kuma an fi so ya bar kafar da za a hango taurari. Wato idan hadari ya taso, ka jiƙe.

Abin lura shi ne lokacin da aka zaɓa. Fitowa daga Masar a watan farko aka yi ta, lokacin Idin Ƙetarewa, to me ya kawo tunawa da bukkokin jeji wata shida bayan haka? Littafin Fitowa ya kira wannan idi da wani suna, na tattara amfanin gona a ƙarshen shekara. An gama sussuka, an matse inabi, zaitun ya kai. Manomi bai taɓa jin kansa cikakken mutum kamar a wannan mako ba, kuma a makon ne aka ce ya kulle rumbu ya je ya kwana ƙarƙashin ganye. Wanda ke cikin yunwa ba ya bukatar a tuna masa Allah ne mai ciyarwa. Mai ƙoshi ne ke mantuwa, kuma Maimaitawar Shari'a sura 8 ta yi wannan gargaɗi a fili, cewa in an gina gidaje masu kyau, garke ya yaɗu, zuciya kan ce ƙarfin hannuna ne ya samo mini. A ganina nan ne zuciyar idin take, sauran duk rassa ne.

Mutanen bakin Kainji ba sa bukatar dogon bayani kan cewa gida ba abin dogaro ba ne. An fara gina madatsar a 1964, aka toshe kogin Kwara a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135. Mutum wajen 44,000 aka tayar. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran da Gungawa suka gada kaka da kakanni suna noman albasa da gero suka shige ƙarƙashin ruwa, tare da kushewu da wuraren tsafi da kukoki. Gwamnati ta gina sababbin ƙauyuka na siminti, jere reras, da yawa kuwa suka kewaye su da ɗakunan laka da rumbuna irin waɗanda suka saba. Dattijon Bagunge ko Bakambare da ya ga wannan ƙaura da idonsa, in ya ji ana karanta wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa inda aka kwatanta jikin mutum da alfarwa da za a warware wata rana, ko wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa da ta ce mai bi ba shi da birni mai dawwama a nan, ya riga faston fahimta.

Sai batun ruwa, wanda shi ne ya haɗa idin da Yesu Almasihu kai tsaye. A ƙasar Falasɗinu damina da hunturu take zuwa, daga Mayu zuwa Satumba kusan ko ɗigo babu. Saboda haka Idin Bukkoki yana faɗowa ne a ƙarshen rani, rijiyoyi sun ja baya, idon kowa na sama. A zamanin Haikali na biyu, wanda Romawa suka rushe a shekara ta 70, kowace safiya ta idin firist yakan ɗebo ruwa a tafkin Siluwam cikin tulun zinariya, a rako shi da busa, ya zuba a kan bagade don roƙon damina mai albarka. Da dare kuma a kunna manyan fitilu a farfajiyar mata, a kwana ana waƙa da rawa. Bisharar Yahaya sura 7 ta ce a ranar ƙarshe ta wannan idi ne Yesu ya miƙe a cikin taro ya kira duk mai jin ƙishi ya zo wurinsa ya sha, marubucin kuma ya bayyana cewa Ruhu Mai Tsarki yake nufi. A sura ta gaba, yana cikin Haikalin, ya kira kansa hasken duniya. Ga Kirista, abin da aka yi ta roƙo da tulu shekara da shekaru ya tsaya a gabansu cikin siffar mutum.

A Warra lissafin ya juye. Oktoba ƙarshen damina ce, farin ruwa da ke zuwa daga ruwan saman ƙasashen kusa ya cika tafki, wani lokacin ya haura ya cinye shinkafar da aka shuka a gaɓa. Daga baya, wajen Disamba zuwa Fabrairu, baƙin ruwa ke isowa, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya yi watanni yana tafiya ta Mali. Manomin da ke jan ruwa ya shayar da albasarsa da rani yana cin albarkar daminar da aka yi a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Mai wa'azin da ke neman misalin alherin da ba a yi wahalarsa ba, ba sai ya je Urushalima ba.

Ikkilisiya ta gaji Idin Ƙetarewa ya zama Ista, ta gaji Fentikos, amma Idin Bukkoki bai sami gurbi a kalandarta ba. Abin da ya fi kusa da shi shi ne godiyar kaka. Yadda ake yin ta a yau, a shigo da amfanin gona cikin majami'a, ana danganta shi da wani limamin Angilika, Robert Hawker, a ƙauyen Morwenstow na Ingila a 1843, daga nan 'yan mishan suka yaɗa ta. A wannan yanki, mishan ɗin da ya haifi ikkilisiyar UMCA ya kafa tashoshi a Salka da Zuru a shekarun 1920, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, yau kuma ga ECWA da Baftis da Katolika na dayosis ɗin Kontagora. Kiristoci tsiraru ne a masarautar Yawuri, amma ranar godiya majami'unsu kan cika da dammunan dawa, buhunan masara, doya, kaji, har da busasshen kifi, Zumuntar Mata na gaba da waƙa.

Abu ne mai kyau, sai dai an ɗauki rabin idin an bar rabi. An riƙe rumbu, an yar da bukka. A wurare da dama godiyar kan ƙare da gwanjo, a ɗaga kabewa ɗaya masu hali su yi ta ƙure juna ana tafi, gwauruwar da ta kawo mudun wake ɗaya tana can kujerar baya. Alhali Maimaitawar Shari'a sura 16 ta lissafa waɗanda dole a yi murnar idin da su, ta saka bara da baranya, baƙo, maraya da gwauruwa. Sa'ad da aka farfaɗo da idin a zamanin Nehemiya, bayan dawowa daga bauta a Babila, mutane sun kakkafa bukkoki a kan soraye da tsakar gidaje da dandali, kuma a farkon watan an umarce su su aika da abinci ga waɗanda ba su da abin dafawa. Bukkar hakimi da ta talaka duk ganye ɗaya ne. Mai karatu Musulmi zai tuna yadda alhazai ke zama a Mina.

Baƙon da Maimaitawar Shari'a ta ambata ma ba ƙaramin wuri ya samu ba. Littafin Ƙidaya sura 29 ya tsara hadayar bijimai, 13 a ranar farko, ana rage ɗaya kullum har zuwa 7, jimla 70, malaman Yahudawa kuma suka ce adadin al'umman duniya ke nan. Annabi Zakariya a surarsa ta 14 ya hango ranar da dukan al'ummai za su hallara don wannan idi. A bakin tafkin da Gungawa, Kambari, Shangawa, Lopawa, Sarkawa, Nufawa, Fulani da masunta daga Mali ke cin kasuwa ɗaya, ba a rasa baƙon da za a kira cin tuwo.

Wannan annabci na Zakariya ne ya sa tun 1980 wata ƙungiyar Kiristoci mai mazauni a Urushalima take shirya taron Idin Bukkoki duk shekara, 'yan Najeriya ma kan je. Wasu masu wa'azi har suna koyar da cewa kiyaye ranakun wajibi ne a kan mai bi. Yawancin ikkilisiyoyi ba su yarda ba, suna kafa hujja da wasiƙar Bulus zuwa ga Kolosiyawa sura 2, inda ya hana a hukunta kowa kan idi ko tsayuwar wata, ya ce waɗannan inuwa ce, ainihin abin yana ga Almasihu. Shi ya sa majami'un ƙasar Ngaski da Shanga ba sa bin 15 ga watan bakwai na Yahudawa. Kowace takan tsayar da ranar godiyarta gwargwadon gonakin membobinta, galibi a jira a yanke dawa, a Nuwamba ko Disamba.